Bayani a Kan Haɗa Katako da Ramin Aljihu, Domin 'Yan Kasuwa da Dillalai

Jama'a, wannan bayani ne a kan wani irin haɗin katako da kafintoci suke yi, ana ce da shi ramin aljihu. Mu 'yan hatsi ne, ba kafintoci ba, amma kuɗinmu ne yake shiga benci da tebur da kanta da akwatin ciniki. Tun da aka kafa kasuwar Dawanau a 1985, nan ƙasar Dawakin Tofa a kan hanyar Katsina, ba rumfar da ta rabu da aikin kafinta. Ya kamata mai biyan kuɗi ya san abin da yake biya.

Masassaƙanmu na da ba su da wannan damuwa. Turmi da akushi da kujerar mata duk daga gungume guda ake fafe su da gizago, babu mahaɗi balle ya kwance. Katakon da ake yankowa daga kudu, wanda muke saya a 'Yan Katako na Rijiyar Lemo ko Na'ibawa, shi ne sai an haɗa wani da wani, kuma a mahaɗin nan kaya yake mutuwa.

Ku ɗauki katako kamar damin kara. In ka soka tsinke ta bakin dami, bin tsawon karan, da ka ja sai ya zare, don tsakanin kara ya bi. In ka soka shi ta gefe ya ratsa karan, sai ka yi da gaske. To haka ƙusa take. Mai gaggawa yakan buga ƙusa ta shiga bakin yankan katako, watau bin tsawon jijiyarsa. Da damina katako ya kumbura, da hunturu ya tsotse, shekara guda sai ka ga benci yana rawa. Haɗin da ya fi duka ƙarfi shi ne a fafe rami a wannan katako, a fiƙe harshe a wancan, a cusa da gam. Amma yana cin lokaci, kuma ladan aikinsa da tsada.

Ramin aljihu yana tsakanin biyun nan. Ana huda katako a karkace, kamar digiri 15, daga cikin fuskarsa ramin ya nufi bakin yanka. Sai a zura sukuru ta ramin, ya fita ta baki ya kama katako na biyu ta gefe, inda jijiya take riƙo. Kan sukurun ya ɓuya a ciki kamar kuɗi a aljihu, ga asalin sunan.

Hannu kaɗai ba ya iya wannan huji daidai, bakin inji zamewa yake yi. Saboda haka akwai wani ɗan abu mai bututun ƙarfe a karkace, a matse shi jikin katako, bakin inji ya bi ta bututun. Mu dai jagoran huji muke ce masa. Dabarar karkata sukuru tsohuwa ce, amma wani maƙerin kayan aiki a jihar Ayowa ta Amurka, Craig Sommerfeld, shi ya ƙera irin wannan jagora a 1986 lokacin da yake haɗa kabad ɗin gidansa, a 1989 kuma aka kafa kamfanin Kreg. Yanzu akwai na kamfanoni da dama. Kafinta mai basira ma yakan huda guntun katako mai tauri a karkace ya yi nasa, sai dai ramin yana buɗewa da yawan aiki.

Bakin hujin kauri biyu gare shi. Jikinsa inci 3/8 ne, shi ke buɗe aljihun, tsininsa siriri ne, shi ke share wa sukuru hanya. Akwai zobe da ake ɗaurewa a jikinsa don kada ya zarce. Sukurun kuwa ƙasan kansa shimfiɗaɗɗe ne, yana zama daram a gindin rami. Nan ne ake cin amanar mai kaya. In aka sa sukuru na gama-gari mai kai kamar mazurari, to tsaga katakon zai yi yadda ake tsaga itacen wuta, ko da ba ranar ba. Baƙin sukurun nan na silin kuma karyewa yake yi. Katako mai kaurin inci 3/4 sukuru mai inci 1 1/4 yake so, mai inci 1 1/2 kuwa sai mai inci 2 1/2. Farin katako mai laushi da filawud, sukuru mai manyan zare. Mai tauri irin maɗaci, mai ƙananan zare. Katakonmu kuwa ba kasafai kaurinsa yake zuwa daidai ba, don haka sai an kankare shi a inji, an auna, kana a saita zobe. Kuma dole a matse katakan biyu kafin a ɗaura, in ba haka ba sukuru ya ja ɗaya ya goce.

To ina ya dace? Kanta, teburin awo, firam ɗin ƙofar kabad, akwatin ciniki, da kayan ɗakin amarya, duk ya yi. Aikin wuni sai a gama shi kafin azahar, kuma ba kan ƙusa a fuska. In ba a sa gam ba ana iya kwancewa a ɗauka, wannan ya yi wa mai cin kasuwannin ƙauye daɗi, amma yawan kwancewa yana cinye ramin.

Inda ba mu yarda da shi ba shi ne ƙarƙashin nauyi. Buhu 10 masu kilo 100 tan guda ke nan. Katakon da ake shimfiɗawa a sito don raba buhu da danshin ƙasa, nauyinsa ya kamata ya sauka katako kan katako, ba ya rataya a wuyan sukuru biyu ba. Amalanke kuwa sai noti mai ratsawa. Bencin da mutum biyar za su zauna, a yanka wa ƙafa gurbi ta ɗauki nauyin, sukuru aikinsa riƙewa kawai. Wani abu kuma da kafinta ba zai tuna ba sai ɗan hatsi: kowane aljihu maɓoyar ƙwaro ce. Tsabar gero da ƙura su taru a ciki, ƙwarin bara su kwana nan su jira sabon kaya. Duk abin da zai shiga sito, a toshe ramukansa da guntun katako da gam.

Dillali in an kawo maka tebur ko kabad, kifa shi ka duba ciki. Kowane mahaɗi ya zama da rami biyu a ƙalla, don guda ɗaya juyawa yake yi. Ka duba ko tsinin sukuru ya leƙo ta fuska, ko gefen rami ya tsage. Ka ce a kwance maka sukuru ɗaya ka ga kansa. Sa'an nan ka ɗaga katakon ka ji nauyinsa, in ɗanye ne zai yi nauyi da sanyi a hannu, kuma komai kyan haɗin, hunturu zai buɗe shi. Irin wannan a rage masa kuɗi, ko a bar shi ya sha iska a inuwa tukuna.