Mutuwar Mahmud a shirin Labarina: gardamar da ta ƙi ƙarewa a gidajen Maraɗi da Damagaram

A wani gida da ke unguwar Zariya cikin birnin Maraɗi, har yau in aka ambaci sunan Mahmud sai uwar gidan ta ɓata rai. Ba ɗanta ba ne, ba maƙwabci ba ne, ba ta ma taɓa ganinsa ido da ido ba. Mahmud ɗin cikin shirin Labarina ne, wanda jarumi Nuhu Abdullahi ya fito a matsayinsa, wanda kuma masu shirin suka rufe babinsa da mutuwa.

Matar, mai ƴaƴa shida, ta shaida wa wakilinmu cewa daren da aka nuna wannan kashi ba ta ƙarasa cin tuwonta ba. Ƴarta ta biyu ta shige ɗaki tana kuka. Maigidan, wanda kullum yake cewa shi ba ya kallon wasan yara, sai ga shi ya leƙo daga zaure yana tambaya ko da gaske yaron nan ya mutu. A nan ne, in ji ta, asirinsa ya tonu: ashe duk makonnin nan yana bin labarin da kunne.

Shekaru sun wuce, shirin ya sauya jarumai, ya sauya labari ma gaba ɗaya, amma a fadojin samari da wuraren kitso na Maraɗi da Damagaram da Tawa, wannan kashi guda shi ne ma'aunin da ake gwada duk wani sabon shiri da shi.

Yadda aka zo nan

Labarina shiri ne mai dogon zango na kamfanin Saira Movies da ke Kano, wanda Malam Aminu Saira ke ba da umarni. Ya fara fitowa a shekarar 2020 a tashar Arewa24, sannan ana ɗora shi a YouTube. Zangunan farko sun ginu ne a kan rayuwar Sumayya, yarinya ƴar talakawa, wadda Nafisa Abdullahi ta fito a matsayinta, da mazan da rayuwarta ta sarƙe da tasu: Mahmud, da Presdo ɗan masu kuɗi wanda Isah Feroz Khan ya taka, da Lukman wanda Yusuf Saseen ya taka. A gefe kuma ga Baba Ɗan Audu, dattijon nan mai idon cin naira, rawar da ta ƙara ɗaukaka sunan Rabi'u Rikadawa.

Tun kafin mutuwar, masu kallo sun riga sun rabu gida-gida. Akwai ƴan Mahmud, akwai ƴan Presdo, akwai kuma masu cewa Lukman ne ya dace. Wani mai shayi a kusa da babbar kasuwar Maraɗi ya ce a lokacin, duk safiyar Asabar teburinsa kan koma kotu: ƴan kabu-kabu a gefe guda, yaran shago a ɗaya gefen, shi kuma alƙali ba albashi. Ya ce ya sha raba mutanen da suka fara da raha suka ƙare da ɗaga murya, a kan auren da ba za a gayyace su ɗaurinsa ba.

Da aka kashe Mahmud, sai ɓangare guda ya wayi gari ba shi da ɗan takara.

Abin da ya fusata masu kallo

Cikin waɗanda wakilinmu ya zanta da su, ba duka ne suka yi fushi don dalili ɗaya ba.

Samari da dama sun ɗauki abin a matsayin cin fuska gare su. A ganinsu Mahmud shi ne saurayin da ya tsaya wa yarinya tun ba ta da komai, ya jure, ya yi haƙuri, sai da aka zo gaɓar cin moriya aka ɗauke shi aka bar fili ga mai kuɗi. Wani tela a unguwar Sabon Gari ta Damagaram ya ce abin da ya gani a allo shi ya faru da shi a zahiri, bambancin kawai shi bai mutu ba: shekara uku yana zuwa zance, yana ɗinka kayan salla kyauta, rana ɗaya wani ɗan kasuwa ya aiko da akwatuna aka ce ya yi haƙuri. Ya ce tun daga daren mutuwar Mahmud ya daina kallon shirin. Abokan aikinsa dai sun yi dariya, suka ce a wayarsa suke kallon sabbin fitowa.

Ƴan mata da yawa kuwa ba nan hankalinsu ya tafi ba. Wata ɗaliba a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ta ce abin da ya dame ta shi ne yadda kowa ke gardamar wa zai samu Sumayya, kamar wata kujerar zaɓe, ba mai tambayar me ita take so. Ta ce a gida ma haka abin yake: kawu yana da ɗan takararsa, gwaggo tana da nata, yarinya ita ce ta ƙarshe da ake jin ta bakinta, in ma an ji. Maganar tata ba ta rasa tushe ba. Alƙaluman da asusun UNICEF ke bayarwa sun nuna kusan kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18.

Iyaye mata kuma sun kalli abin ta wata fuskar. Uwar gidan nan ta Zariya, duk da ɓacin ranta, ta ce daga baya ta gane darasi ne: mutuwa ba ta duba wanda ya fi cancanta, kuma matar mutum kabarinsa. Abin da ba ta yafe ba shi ne yadda, a ganinta, aka yi abin da gaggawa, ba a ba masu kallo damar yin bankwana ba. Ta ce ko a unguwa in mutum zai rasu akan ji ya kwanta ciwo.

Akwai kuma ƴan tsirarun da suka yaba. Wani malamin makarantar sakandare a Tawa ya ce fina-finan Hausa sun saba wa mutane da cewa mutumin kirki shi ke auren yarinya a ƙarshe, a yi rawa a tashi. Shirin da ya yi ƙarfin halin karya wannan al'ada, in ji shi, ya girmama hankalin mai kallo.

Abin da ke bayan allo

Gaskiyar magana ba ta cikin labarin kaɗai take ba. Nuhu Abdullahi ya bar shirin, kuma a shiri mai dogon zango in jarumi ya tafi, hanyoyi ƙalilan ne suka rage wa marubuci: ko a tura shi tafiyar da ba dawowa, ko a kawo wani ya maye gurbinsa, ko a kashe shi. Masu Labarina sun zaɓi ta ukun.

Da Nafisa Abdullahi ita ma ta sanar da ficewarta daga baya, sai suka bi hanya ta biyu, domin ba a kashe wadda labarin nata ne. Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya. Nan ma aka sake sabon rikici: wasu suka ce sun karɓe ta, wasu suka ce kamar an sauya musu ƴa ne a ɗakin haihuwa. Daga baya kamfanin ya ajiye labarin Sumayya ya buɗe wani sabo a ƙarƙashin suna ɗaya, inda Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayin Mainasara.

Wannan ne bambancin shiri mai dogon zango da fina-finan kaset da na faifan CD da aka saba da su a da. Fim ɗin da ake gama ɗauka kafin a sake shi, mai kallo ba shi da ta cewa, sai dai ya yaba ko ya kushe. Shirin da ke fitowa mako-mako kuwa, ana rubuta shi ne mutane na kallo, kuma masu shi na ganin yawan waɗanda suka kalla da abin da suke faɗi. Shi ya sa mai kallo ke jin yana da haƙƙi a kan labarin, yake kuma jin an ci amanarsa in aka bi wata hanyar.

Iyakar da fim bai sani ba

Nijar da Najeriya agogonsu ɗaya, don haka daren Juma'ar da ake kallon sabon kashi a Kano, a daidai wannan lokacin ake kallonsa a Maraɗi da Ƙonni da Magarya. Masu tauraron ɗan Adam su kalla a tele, masu kuɗin sayen data su kalla a waya. Sauran kuma su jira safiya su je wurin masu turin fim a bakin kasuwa ko tasha, a zuba musu a katin waya da ƴan canji kaɗan. Daga nan sai ya bi motocin kasuwa ya shiga ƙauyuka, waya zuwa waya.

Ko a lokacin da aka rufe iyakar ƙasashen biyu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta kuma yanke wutar da take ba Nijar, shirye-shiryen ba su daina shigowa ba. Manyan motoci sun yi cirko-cirko a Jibiya da Ɗan Isa, amma fim ya wuce ta sama. Wani mai cajin waya a Maraɗi ya ce a watannin ƙarancin wutar nan, ranar Juma'a ce ranar cinikinsa, don kowa na son batirinsa ya cika kafin dare.

Sai dai duk wannan ƙauna, hukunci a kan abin da za a nuna ba a nan ake yanke shi ba. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa zargin ana sakinsu ba tare da an kai mata ta tace ba. Masu kallo a wannan ɓangaren iyaka ba su da wanda za su kai wa kuka, sai jira. Wasu iyaye ma sun goyi bayan matakin, suna cewa abin da ke shiga ɗakin ƴaƴansu kowane mako ya kamata a ce akwai mai dubawa.

Ina namu?

Tambayar da ta yi ta dawowa a zantawar da muka yi ita ce: me ya hana a samu shirin iyali na Nijar da zai riƙe mutane haka?

Ba don ƙasar ba ta da tarihi a wannan fage ba ne. Manya na tuna lokacin da ake taruwa gaban tele ɗaya a unguwa don kallon wasannin Yazi Dogo da abokan wasansa a Télé Sahel, ana dariya ana ganin kai a ciki. A 1972 fim ɗin Oumarou Ganda, Le Wazzou polygame, wanda ya taɓo auren dole da zaman kishi, shi ne ya fara lashe babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu. Wato matsalar da ake gardama a kanta yau a teburin mai shayi, ɗan Nijar ya ɗora ta a allo fiye da shekara 50 da suka wuce.

Basira ma ba ta ƙare ba, sai dai takan tsallaka iyaka. Mawaƙiya Fati Nijar ƴar Maraɗi ce, a Kano ta yi suna. Ita ma jaruma Rakiya Moussa ƴar Nijar ce, a Kano ta yi suna. Matasan da ke haɗa gajerun fina-finai a Damagaram da Maraɗi, waɗanda muka tuntuɓa, sun ce abin da ke kayar da su shi ne ɗorewa: shiri mai dogon zango na buƙatar marubucin da za a biya, da jaruman da za su zauna wata da watanni, da ƴan kasuwar da za su sa talla tun kafin a ga riba. Ɗaya daga cikinsu ya ce suna da labaran da Kano ba za ta iya bayarwa ba, kamar na matar da mijinta ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya ko wurin haƙar zinariya a Jado, shekaru ba aike ba saki, tana zaune a gidan surukai. Ya ce in aka yi wannan da kyau, ba gidan da ba za a yi kuka ba.

A gidan nan na unguwar Zariya, yarinyar da ta yi kukan mutuwar Mahmud yanzu an sa ranar aurenta. Uwar ta ce manema biyu suka fito, ɗaya da mota, ɗaya da keken ɗinki. Da dangi suka fara rabuwa gida biyu, sai maigidan ya kira ƴar tasa zaure, ya tambaye ta wanda take so, ya kuma ce magana ta ƙare a kan wanda ta ambata. Da wakilinmu ya tambayi uwar ko shirin ne ya sa, sai ta ce ita ba za ta rantse ba, kuma shi maigidan har gobe cewa yake bai taɓa kallo ba. Wanne ne yarinyar ta zaɓa, ta ce wannan sai ranar ɗaurin aure.