Araha Ba Ta Ado, Amma Tsada Ba Ta Koyar da Lissafi

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin iyaye, daga majalisun Madadi har tashar Gwarzo, cewa ilimin yaro gwargwadon kuɗin makarantarsa ne. Wanda ya biya dubu hamsin a zango ya fi wanda ya biya dubu goma, mai biyan miliyan ya fi su duka, wanda kuwa ya kai ɗansa inda ake biya da dala, ko ya tsallakar da shi teku, to shi ya gama yi wa ɗansa gata. Masu wannan magana ba jahilai ba ne, kuma ba duka ne 'yan a-gani-a-faɗa ba. Yawancinsu iyaye ne da suka leƙa ajin firamaren gwamnati, suka tarar da yara maƙil a zaune a ƙasa, malami ɗaya na ta fama, iska ta yaye kwanon rufi ba wanda ya mayar. Gwamnatin Kano da kanta ta amsa cewa abin ya lalace, ranar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Uban da ya ga haka ya ce araha ba ta ado, ban isa in ƙaryata shi ba. Inda muka rabu da shi, cikin girmamawa, shi ne zaton cewa duk naira da aka ƙara a kan kuɗin makaranta tana shiga kan yaro ta zama karatu.

A fara da tambayar don wa aka ƙirƙiri irin waɗannan makarantu na ƙasa da ƙasa. Wadda ake ɗauka uwa a cikinsu an buɗe ta ne a Janiba ta ƙasar Suwizalan a 1924, domin 'ya'yan ma'aikatan Majalisar Ƙawancen Ƙasashe da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya. Damuwar waɗannan iyaye ita ce bana suna nan, baɗi an mayar da su wata ƙasa, yaro kuma yana bukatar takardar da za a karɓa ko'ina ya sauka. A garin ne kuma aka kafa hukumar jarrabawar IB a 1968 don wannan bukata. Ke nan hajar da ake sayarwa tun asali ita ce hanyar fita: manhajar da jami'o'in waje suka sani, malaman da aka ɗauko daga wata ƙasa ana biyansu da kuɗin ƙasarsu ana kama musu gida, da fili a unguwar da jakadu ke zama. Duk waɗannan suna cin kuɗi na gaske, ba zamba ba ce. Sai dai ba su ne ke sa yaro ya gane raba lamba ba.

Shi ya sa farashin yake bin gari, ba ya bin darasi. Lokacin da makarantar Charterhouse za ta buɗe reshenta a Legas a 2024, jaridu sun ruwaito cewa kuɗinta zai kai naira miliyan 42 a shekara, aka yi ta cece-ku-ce. Ma'aikacin Kano da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 sai ya tara albashinsa na kusan shekara 50, bai ci ba bai sha ba, kafin ya biya shekara ɗaya. Makarantar Amurka da ke Abuja da dala take caji. A 2024 ne ma hukumar EFCC ta karɓi fiye da dala 760,000 daga hannunta, cikin kuɗin da aka ce an biya wa 'ya'yan wani tsohon gwamna tun kafin lokacin biya ya zo. A Ingila, a 2025 kwalejin Eton ta kai kusan fam 63,000 a shekara, wato sama da naira miliyan 100. A Suwizalan akwai Le Rosey da ta zarce ta.

Labarin Eton ɗin ne ya fi jan hankalina. Ranar 1 ga Janairun 2025 gwamnatin Birtaniya ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin makarantu masu zaman kansu, makarantar kuma ta juye shi a kan iyaye. Yaran sun tafi hutun ƙarshen shekara a kan wani farashi, sun dawo a kan wani, malaman su ne dai, littattafan su ne dai. Mu ma mun ga irinsa a gida. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Uban da ke samun naira yana biyan dala ya wayi gari kuɗin makarantar ɗansa ya ninka sau uku. Idan da kuɗi ne ma'aunin ilimi, da sai mu ce yaron nan ya ninka basira sau uku cikin wata takwas.

Za a ce mini, to ai sakamakon 'ya'yan waɗannan makarantu ya fi kyau, kowa yana gani. Haka ne. Amma a dubi gidan da yaron ya fito. Ya ci ya ƙoshi tun yana goye, akwai littafi a ɗaki, akwai fitilar da ba ta ɗaukewa, uwa ta yi karatu tana duba aikin gida, ba a tura shi kiwo ko tallar gyaɗa ranar kasuwar Getso. Ƙungiyar OECD, mai shirya jarrabawar PISA ga yara 'yan shekara 15 a ƙasashe da dama, ta sha nuna cewa idan aka cire tasirin arzikin gida, fifikon makarantar kuɗi a kan ta gwamnati yana gushewa a yawancin ƙasashe. A jarrabawar 2012 yaran Biyetnam, ƙasar manoman shinkafa da ba ta kusa da Turai a dukiya, sun wuce na Amurka da na Birtaniya a lissafi. Makarantar tsada sau da yawa tana karɓar yabo ne a kan aikin da gida ya riga ya yi.

Ba sai mun je Biyetnam ba ma. A 1977 jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya biyu, Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, zamanin da marigayi Farfesa Ibrahim Ayagi yake kwamishinan ilimi. Dalili shi ne jihar ba ta da likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa sai tsiraru. Ba aljihun uba ake dubawa ba, jarrabawa ake yi. Wanda ya ci ya shiga, ko ɗan sarki ne ko ɗan mai faskare. Aka ware wa makarantun hukuma tasu, aka zaɓo malamai, aka cika ɗakunan gwaji, aka ciyar da yara. Duk wanda ya san asibitocin Kano da ma'aikatunta ya san yawan manyan da suka fito daga waɗannan makarantu, da yawansu 'yan ƙauye irin namu. Kada a fahimce ni a karkace: an kashe kuɗi a Dawakin Tofa, kuɗi mai yawa. Ilimi mai kyau ba ya samuwa a banza. Amma an kashe shi ne a kan malami da kayan gwaji da abincin ɗalibi, ba a kan ƙofar gilashi ba. Shi kansa Ayagi daga baya ya buɗe makarantar kuɗi a Kano mai sunan Hassan Ibrahim Gwarzo, don haka ba gaba nake shelantawa da makarantu masu zaman kansu ba. Mutanen Gwarzo kuma ba su manta ba cewa Rabi'u Musa Kwankwaso a firamaren kwana ta garinsu ya yi karatu, ya bi ta makarantar sana'a ta Wudil da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kafin ya kai jami'ar Loughborough a Ingila. Ko kana jam'iyyarsa ko ba ka cikinta, hanyar da ya bi ba ta dala ba ce.

Abin da ya fi ci mini rai ba attajirin Abuja ba ne. Iya kuɗinsa iya shagalinsa. Talakan da ya ari wannan ra'ayi ya yafa shi ne abin tausayi. Wani kawuna ya sayar da shanun huɗarsa ya kai ɗansa wata makaranta a cikin birni, irin waɗanda ake hayar gida mai ɗaki shida a kafa allo a rubuta sunan wata ƙasa. Ya nuna mini takardar biya, a ninke cikin aljihun 'yar-shara har ta fara yagewa a gaɓa. Kuɗin karatun kansa bai kai rabin jimlar ba. Sauran na kayan makaranta ne kala-kala, da rigar wasanni, da motar ɗauko yara, da littattafan da ba a yarda ka saya a kasuwa ba, da bikin ƙarshen shekara. Yaron kuwa yana gaisuwa da Turanci tar, har mata na leƙowa su ji. Da na rubuta masa 84 a raba gida 7, sai ya yi ta juya fensir yana kallon ubansa. Na ce, "Kawu, malamin lissafinsu ya daɗe a makarantar?" Ya ce ai bana an sauya har ya daina ƙirgawa. Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, ni dai kada wata rana ya ce ban yi masa ba."

Wannan magana ta kawu ita ce gindin abin, kuma ba ta raini ba ce. Uban da bai yi boko ba ba shi da hanyar auna abin da ake koya wa ɗansa, sai ya auna da abin da ya sani, wato zafin da ya ji a aljihu. Masu irin waɗancan makarantu sun san haka. Da yawansu albashin da suke ba malami bai kai mafi ƙarancin na gwamnati ba, shi ya sa da ya samu wani abin yi sai ya kama gabansa.

Tsallaka iyaka ma ba lamuni ba ne. A 2022 yaƙi ya koro ɗalibanmu daga Yukiren, a 2023 aka kwaso na Sudan ta hamada zuwa iyakar Masar, cikinsu har da 'yan Kano da Jigawa masu karatun likita. A 2024 jami'ar Teesside ta Ingila ta dakatar da wasu 'yan Najeriya da faɗuwar naira ta hana su cika kuɗi, aka ce su bar ƙasar. A ƙarshen 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya sayo digiri daga Kwatano cikin mako shida bai taka aji ba, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Nawa ne cikin iyayen da suka biya sefa a can suka sayar da gona suna murnar ɗansu yana "waje"?

Akwai wanda makarantar ƙasa da ƙasa ta dace da shi: ɗan jakada, ɗan ma'aikacin da ake yawo da shi ƙasa-ƙasa, ko wanda ya riga ya yanke cewa a jami'ar waje ɗansa zai ƙare kuma yana da abin kai shi har ƙarshe ba tare da ya taɓa jari ba. Haka nan wanda ya gama digiri a gida ya tafi ƙaro fannin da ba mu da kayan aikinsa, kamar ɗaliban da gwamnatin Kano ta tura Indiya da Yuganda a 2023, ba da shi nake ba. Yaron Madadi kuwa, gabansa WAEC ce da NECO da JAMB. Idan ya hau mota a Gwarzo ya nufi Kano, zai wuce Kabo, inda aka kafa kwalejin fasaha ta tarayya wadda aka ɗaga zuwa jami'ar kimiyya da fasaha a 2025, sannan ya wuce ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero kafin ya shiga gari. Dukansu biyu kiredit biyar suke nema, har da Turanci, da lissafi ga masu fannin kimiyya, da makin JAMB.

Wanda zai fitar da kuɗi, a gari ko a birni, yana da haƙƙin ya wuce ofishin mai makaranta ya shiga aji. Ya tambayi malamin lissafi shekararsa nawa a nan, kuma ko an biya shi watan jiya. Ya buɗe littafin wani yaro ya ga ko jan biro ya bi ta kansa a makon nan. Idan bai iya karatu ba, ya tafi da ƙaninsa ko ɗan maƙwabci da ya iya, a sa ɗan aji huɗu ya karanta shafin da bai taɓa gani ba, sannan ya faɗi da Hausa abin da ya karanta. Kuɗin bijimi guda, idan iyayen unguwa suka haɗa irinsa ta hannun kwamitin makaranta, ya isa a riƙe malamin sa-kai na lissafi a firamaren gari tsawon shekara, a kuma mayar da kwanon da iska ta yaye kafin damina ta sauka.