Kafin a damƙa wa dillali dukiya

A Amurka mutum ba ya wayar gari ya kafa allo ya ce shi dillalin hannun jari ne. Sai wani kamfani mai rajista ya tsaya masa tukuna, sannan ya zauna jarrabawar Series 7: tambayoyi 125 cikin awa 3 da minti 45, kuma dole ya ci kashi 72 cikin ɗari. Hukumar FINRA, wadda aka kafa a 2007, ita ke shirya ta.

Ana ba shi lambar rajista da za ta bi shi har ya bar sana'ar. Duk mai waya na iya shiga shafin BrokerCheck kyauta ya rubuta sunan dillalin, sai ga tarihinsa a fili: inda ya yi aiki cikin shekaru 10 da suka wuce, jarrabawar da ya ci, jihohin da aka yarda ya yi ciniki, da ƙorafin masu kuɗi a kansa. Idan ya bar kamfani, ko aka sallame shi, kamfanin na da kwana 30 ya cika wani fom da ake kira U5 ya faɗi dalili. Wanda ya zagaya kamfani shida cikin ƴan shekaru, ai ko ba a ce komai ba, da walakin.

Tarihin yana da amfani domin lasisi kaɗai ba ya tace mutane. Wani bincike da Mark Egan da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya gano kusan kashi 7 cikin ɗari na masu wannan aiki suna da tabo a rajistarsu. Kusan rabin waɗanda aka kama da laifi sun rasa aikinsu, amma kashi 44 cikin ɗari na waɗannan sun samu wani kamfanin kafin shekara ta zagayo.

Suna ma yana ruɗi. Bernard Madoff ya taɓa shugabantar kasuwar hannun jari ta Nasdaq, ga shi a 2009 aka yanke masa ɗaurin shekara 150 saboda damfara.

A Najeriya, cibiyar CIS da aka kafa a 1992 ke jarraba dillalai, hukumar SEC kuma ta yi musu rajista. Dandalin zuba jari na CBEX, wanda ya rufta da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025, ba ya cikin waɗanda SEC ta yi wa rajista.