A Ɗauke Babur, A Bar Waya? Hattara Dai Masu Lambu

Duk wanda ya tashi a Suki, ko Maiwurno, ko sauran ƙauyukanmu na bakin Bahar Azrak, ya san abin da ake yi idan damina ta faɗi, ruwan kogi ya fara hawa. Masu lambu sukan tara samari a ciccibi injin ban-ruwa, wanda a nan muke kira babur, a kai shi tudu a kulle. Amma akwai abu ɗaya da muke yawan mantawa da shi a bakin gaɓa, wato wayar da ke kai wa famfon wuta. Ita ce kuwa ɓarawo ya fi so.

Can da, yawancin injinanmu na gas ne, ba ruwansu da waya. To, zamani ya sake. Wutar lantarki da ake samu daga madatsar Rusairis, wadda aka gama a 1966, ta isa garuruwa da dama, ga kuma faifan hasken rana da mutane suka rungumi amfani da shi saboda tsadar mai. Kowane ɗaya daga cikinsu sai da doguwar waya, cikinta kuwa jan ƙarfe ne.

Dalilin kwaɗayin ɓarawo a fili yake. Injin yana da nauyi, sai mutum uku ko huɗu, kuma mai shi zai gane shi ko a kasuwar Sinnar aka kai shi. Waya kuwa yaro ɗaya ya isa ya datse ta, ya naɗe a buhu. Sai ya ƙone robar da ke jikinta, ya kai jan ƙarfen wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa a auna masa da kilo. Daga nan babu sauran shaida. Abin da zai samu bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kuɗin sabuwa, amma mai lambu ya shiga uku.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya ƙara dagula al'amarin. A Khartum an yi ta tone wayoyin lantarki daga ƙarƙashin ƙasa saboda jan ƙarfensu, a 2024 kuma faɗan ya iso Jihar Sinnar, har Singa da Suki. Wanda ya koma gona bayan wannan wahala da ɗan abin da ya rage masa, ba shi da ƙarfin sayen waya sau biyu.

Mun ga haka da idonmu wurin wani maƙwabcinmu. Ya adana injinsa lafiya lau, ya bar wayar a rataye jikin bishiyoyi, wai ai wata uku ne kawai. Da lokacin dashen albasa ya zo, sai guntaye ya tarar. Don neman sauƙi ya sayo siririyar waya, ya yi mata haɗi biyu. Siririyar waya idan ta yi tsawo ba ta kai cikakkiyar wuta, sai injin ya riƙa zafi. Bai yi wata ba ya ƙone, irin albasar ya bushe kafin a gyara.

To, ina mafita? Da farko, ranar da aka ɗauke injin, a ranar za a kwance wayar. A kashe wuta daga tushe tukuna, in faifan rana ne a tuna yana ba da wuta muddin akwai haske, don haka a nemi wanda ya san aikin. A naɗe ta da faɗi, ba tare da lanƙwasawa ba, a rufe bakinta da salatif, a rataye ta a ɗakin da ake kwana. Kada a ajiye ta a rumbu, domin ɓera na cin roba.

Na biyu, a yi mata alama. A shafa fenti mai launi ɗaya a wurare da yawa, a rubuta tsawonta da kaurinta a takarda, a adana rasit. Wadda ba ta kwantuwa kuwa, a zura ta cikin bututu a binne, a sa wa akwatin makunnin kwaɗo. Masu lambunan da ke jere su haɗa kuɗi su ɗauki mai gadi ɗaya, ya fi kowa ya yi ta kansa.

Na uku shi ne babba. Ɓarawo ba ya sata sai ya san inda zai sayar. Muna kira ga dattawa da limamai da shugabannin kasuwa su ja kunnen masu sayen ƙarafa, kada su karɓi ƙonannen jan ƙarfe daga wanda ba su san inda ya samo ba. Mu ma kada arha ta ruɗe mu mu sayi tsohuwar waya a hannun yaro, domin ta ɗan'uwanmu ce. Iyaye kuma su sa ido a kan abin da 'ya'yansu ke ƙonawa a bayan gari.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kafin ruwa ya hau bana, kowa ya je ya kwance tasa. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.