Hukuncin Sayen Gidan da Aka Sayar Saboda Bashi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, masu saurare sun yawaita yi mana tambaya a kan mutumin da ya jinginar da takardar gidansa ya ci bashi, ya kasa biya, kotu ta sa gidan a gwanjo. Shin ya halatta Musulmi ya saya?

Mu fara da asali. Jingina halal ce. Allah ya ambace ta a Suratul Baƙara, aya ta 283, kuma Manzon Allah ya rasu sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa. Sai dai jingina ba ta zama mallakar mai bin bashi don wa'adi ya cika. Imamu Malik ya bayyana haka a Muwaɗɗa. Abin da ake yi shi ne a sayar, a biya bashin, a mayar wa mai gida ragowar. Idan ana bin sa miliyan 6, gida ya tashi miliyan 10, to miliyan 4 nasa ne.

Malamanmu na Malikiyya sun raba tilas gida biyu. Akwai tilas ta zalunci, wadda cinikinta ba ya lizimtar mai kaya. Akwai tilas ta gaskiya, wato alƙali ya sayar da dukiyar wanda ya kasa biya don masu haƙƙi su sami haƙƙinsu, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da wani mutumin Juhaina. Saye a irin wannan halal ne. Amma dubi tausayin shari'a: a Muhtasar, Shehu Halil ya nuna a sayar da kayan a gaban mai su, da zaɓi na kwana 3, gida kuwa a jinkirta shi kamar wata 2, don neman wanda zai ƙara kuɗi.

Saboda haka, kafin ka miƙa hannu, ka binciki abu uku.

Na farko, gidan na wane ne? Sau da yawa babban wa yakan jinginar da gidan gado da ba a raba ba, alhali akwai rabon marayu da mata a ciki. Rabonsu ba ya halatta gare ka, ko da takarda ta fito da sunanka.

Na biyu, mene ne ya rage a kansa? Idan bashin na ruwa ne, zunubin riba yana kan waɗanda suka ƙulla ta. Amma in ka san ya biya uwar kuɗi, ruwa kaɗai ake kore shi a kansa, mu muna ganin ka nisanta, kada ka zama tsanin zalunci.

Na uku, farashi. Abin da ya fi damunmu ke nan: ƴan kasuwa su haɗa baki kada kowa ya ƙara, su sayi gida da arha, su raba riba a bayan fage. Malikiyya sun yarda ka roƙi mutum ɗaya ya bar maka, amma ba su yarda a hana dukan masu taya ba, domin cutar mai gida ce.

Wannan shi ne hukunci. Falala kuwa tana gaba da shi. Aya ta 280 ta umarci a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Idan maƙwabcinka ne, ka fara zuwa wurinsa. Wataƙila zakkarka ta tsamo shi, tun da mabarta suna cikin mutum 8 da ake ba zakka. In kuwa ka saya, ka ba da kuɗin da ya dace, ka ba iyalinsa lokaci su nemi matsuguni, kada ka fitar da yara a tsakiyar damina.

Allah ya biya wa masu bashi bashinsu, ya rufa mana asiri duniya da lahira, ya karɓi azuminmu. Allah ne mafi sani.