Abin da ya kamata ku sani: idan aka toshe hannu ɗaya na titi, wa zai fara wucewa?

Titin Zariya, tun daga Unguwa Uku ya biyo ta Gyaɗi-Gyaɗi har gadar Dangi, ba ya hutawa. Ta nan mai zuwa daga Kaduna da Abuja yake shiga garin Kano, kuma a bakinsa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake. Haka ma titin Maiduguri da ya ratsa Tarauni. A irin waɗannan hanyoyi, da an toshe hannu ɗaya sai komai ya tsaya, ko da kuwa gyaran kwata ake yi, ko tirela ce ta mutu, ko ruwan sama ne ya kwanta a gefe, ko sahun Juma'a ya fito titi. Waɗanda suka riƙa bin hanyar lokacin aikin gadar Dangi, kafin a buɗe ta a 2021, sun san wuyar da ake sha.

Toshewar ita kanta ba ta kai halinmu a wurin jawo cunkoso ba. Hannu ɗaya da ya rage yana iya ɗauke motoci da yawa idan suna shiga a tsare. Abin da ba zai iya ba shi ne motoci huɗu su cusa kai lokaci guda.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Idan gosulo ya riga ya haɗu, motoci na jan ciki, kowa ya zauna a hannunsa har a iso daidai inda aka toshe. A nan sai a shiga bi da bi: ɗaya daga hannun da yake buɗe, ɗaya daga wanda aka rufe, kamar yadda haƙoran zik suke shiga juna. Wanda hannunsa ya ƙare ya kunna sigina da wuri, ya dubi madubi, ya daidaita tafiyarsa da ta layin. Wanda yake a buɗaɗɗen hannu ya ɗan saki tazara, ya ba mota ɗaya hanya, sannan ya bi bayanta. Shi kuma na biyu a rufaffen hannun kada ya manne wa na gabansa ya ce sai sun shige tare. Ya jira nasa zagayen.

Me ya sa ba a ce kowa ya koma hannu ɗaya tun daga nesa ba? Saboda layin sai ya ninka tsawonsa alhali rabin titi na zaune fayau. Dogon layi kuwa a Gyaɗi-Gyaɗi yana nufin ya rufe mahaɗar Court Road, ko ya tare ƙofar asibiti, ya kama mutanen da ba ruwansu da toshewar. Sannan idan hannayen biyu suna tafiya daidai da juna, babu wanda zai ga ribar tsallake-tsallake. Hukumar sufuri ta jihar Minesota a Amurka ta ce wannan tsari yana iya rage tsawon layi da har kashi 40 cikin 100. A Jamus doka ce, Beljiyam ta mayar da shi wajibi a 2014, Folan a 2019. Amma idan hanya ta saki, motoci na gudu, to a nan koma hannun da yake buɗe da wuri, kada ka kai bakin shingen da gudu sannan ka taka birki.

Saboda haka direban da ya bi rufaffen hannu har ƙarshensa bai cuci kowa ba, kuma bai dace a matse masa bamba don a huce haushi ba. Mai cutar shi ne wanda ya ƙirƙiro hannu na uku da na huɗu. Kowa ya san shi. Zai sauka gefen titi, ya bi ta gaban masu kayan miya da mai faci, ya kori masu tafiya a ƙasa, ya zo bakin mashigar ya saka hancin motarsa yana danna ham. 'Yan adaidaita sahu sun yi suna a nan, domin ƙanƙantar mashin ɗin tana ruɗar su, amma adalci shi ne a faɗa: akwai masu manyan motoci masu baƙin gilashi da suka fi su. Adaidaita ɗaya abin hawa ɗaya ne, yana da zagayensa cikakke, kada mai jif ya raina shi. Shi ma kada ya ce don an ba ɗan'uwansa hannu sai su uku su sulale tare.

Mafi muni shi ne shiga wan-we. Da mutum ɗaya ya tsallaka hannun masu tahowa, goma za su bi shi, su yi karo da na gaba fuska da fuska, hanya ta kulle ta ɓangarori biyu. A wannan titi da motocin asibiti ke bi dare da rana, wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Cikin layin nan akwai mai naƙuda a bayan adaidaita, akwai wanda ake gudu da shi sashen gaggawa, kuma jiniya ba ta da amfani idan babu inda za a matsa. Mintunan da mai wan-we yake ganin ya ci, daga rayuwar wani ya ɗebe su.

Tirela da tifa a ba su fili na musamman. Direbansu ba ya ganin ƙaramar mota ko babur da ya raɓe ta gefensa na dama, kuma idan zai karya, bayanta yana yanko kwana. Kada ka kutsa tsakaninta da shinge.

Idan tsautsayi ya sa an gogi juna, a ɗauki hoto da waya, a janye motocin zuwa gefe, can a yi magana. Tsayawa a tsakiyar mashigar ana "ka san ko ni waye?" a kan fenti, alhali ɗaruruwan mutane na jira a rana, rashin tausayi ne. Idan kuma akwai ɗan KAROTA, wato hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, ko jami'in hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, ko ɗan sanda yana ba da hannu, to umarninsa ne a gaba da bi da bi.

'Yan kwangila da hukumomi su ma da nasu. Tsohuwar taya ko reshen bishiya da ake ajiyewa a bakin rami ba alama ba ce. A kafa allo tun daga nesa mai nuna wane hannu aka rufe, a sa abin da yake haskawa da dare, a tsayar da jami'i daidai wurin haɗewar safe da yamma.

Kai kuma direba, ko mota kake ja ko adaidaita, gobe idan ka iso inda aka toshe, ka ba mutum ɗaya hanya, in kai aka ba ka ɗaga hannu ka gode, kuma don Allah kada ka shiga hannun masu tahowa.