Mataimakin Likita a Bakin Gadon Mai Ciwon Ajali

A shekarar 1967 an yi wasu haihuwa biyu a fagen kiwon lafiya, ɗaya a Ingila ɗaya a Amurka, kuma a lokacin ba wanda ya ga alaƙa tsakaninsu. A kudancin Landan, wata baiwar Allah mai suna Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's domin mutanen da likitoci suka fid da rai da warkewarsu. Ran 6 ga Oktoba na wannan shekarar kuma, Jami'ar Duke da ke jihar Karolina ta Arewa ta yaye mutum uku, dukkansu tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa, da wani laƙabi da ba a saba ji ba: mataimakin likita. Sa'o'in juna ne ke nan. Amma sai da aka yi shekara hamsin da ɗoriya kafin dokar Amurka ta yarda su zauna ɗaki ɗaya, kuma har yau zaman bai gama daidaita ba.

Kada sunan ya ruɗi mai karatu. Mataimakin likita a Amurka ba yaron da ke riƙe wa likita jaka ba ne. Shi ma yana duba maras lafiya, ya gano cuta, ya tura gwaji, ya rubuta magani, ya shiga ɗakin tiyata ya kama aiki. Bayan digirin farko yakan yi wajen shekara biyu da 'yan watanni yana karatun digiri na biyu, cikinsu har da kimanin awa 2,000 na zagayen sassan asibiti, sannan ya zauna jarrabawar ƙasa kafin jiha ta ba shi lasisi. Yawansu yanzu ya haura 170,000. Sunan ma ya daɗe yana yi musu ƙaiƙayi, har a 2021 ƙungiyarsu ta ƙasa ta zaɓi a riƙa kiransu da laƙabin da ke nufin abokin aikin likita.

Wanda ya assasa sana'ar, Dokta Eugene Stead, ya ɗauki ɗalibansa na farko a 1965, lokacin da karkarar Amurka ke kukan rashin likitoci, ga kuma sojojin da suka iya ɗinke rauni da tsayar da jini suna dawowa gida ba su da inda za su yi amfani da hannunsu. Akwai wani da ba a cika ambata ba a labarin. Henry Treadwell sunansa, baƙar fata ne da ya yi shekaru yana aiki da wani likitan karkara, Amos Johnson, a garin Garland. In likita ya yi tafiya shi ke riƙe da marasa lafiya, kuma mutanen gari sun yarda da shi. Irinsu Stead ya duba ya gane cewa aikin likita da yawa ana iya koyar da shi ga mai hankali da amana, ko bai yi shekara goma a makaranta ba.

Ita kuwa Saunders ta faro ne a matsayin nas, ciwon baya ya mayar da ita jami'ar jin daɗin jama'a, daga baya ta koma makaranta ta zama likita. Wata ƙila wannan zagayen ne ya sa ta ga abin da likitocin zamaninta ba su gani ba. A ganinta raɗaɗin mai mutuwa ba a jikinsa kaɗai yake ba: akwai na zuciya, akwai na iyali da abin da za su ci bayansa, akwai na tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ta kuma tsaya kai da fata cewa a ba da maganin kashe zafi irin su morfin a kan lokaci, kada a jira sai mutum ya fara kururuwa.

Daga wannan tushe rassa biyu suka fito, kuma mutane kan cakuɗa su. Na farko shi ne jinyar sassauci, wadda wani likitan Kanada, Balfour Mount, ya raɗa wa suna a Montreal cikin shekarun 1970. Ita ba ta jiran sai an fid da rai. Ana iya fara ta ranar da aka gano cuta mai tsanani, ana yi ana neman waraka. Na biyu shi ne hosfis, wato jinyar ƙarshen rayuwa, inda aka ajiye neman waraka aka koma neman sauƙi. A Amurka an buɗe hosfis na farko a jihar Connecticut a 1974, da jagorancin Florence Wald, wadda ta taɓa shugabantar makarantar koyon aikin nas ta Jami'ar Yale. Kuma a can galibi ba gini ba ne da ake kai mutum a ajiye shi. Ma'aikata ne ke bin maras lafiya har ɗakinsa.

Wanda yake ganin wannan jinya miƙa wuya ce, to ya dubi binciken da aka yi a babban asibitin Massachusetts aka fitar a 2010. An bi mutum 151 masu kansar huhu da ta riga ta bazu. Waɗanda aka haɗa wa jinyar sassauci tun da wuri sun fi samun natsuwa, baƙin ciki ya fi raguwa gare su, sannan abin mamaki, sun fi daɗewa a duniya: wata 11.6, sauran kuwa wata 8.9. Rai dangin goro ne, in an yayyafa masa ruwa sai ya ƙara kwana.

To mene ne na mataimakin likita a ciki? A ce ga dattijo a wani ƙauye mai nisan awa biyu da babban asibiti, zuciyarsa ta gaza, ƙafafu sun kumbura, numfashi na yi masa wuya ko a kwance. Mataimakin likita zai saurari ƙirjinsa, ya daidaita maganin rage ruwa, ya ba da morfin ɗan kaɗan don sarƙewar numfashi, ya haɗa da maganin da zai hana cushewar ciki, domin duk wanda ya san morfin ya san yana ɗaure hanji. Zai buɗe ledar magungunan nan goma sha, ya cire waɗanda ba su da sauran amfani ga mutumin da watanni suka rage masa. Wannan duk ana koyonsa a littafi.

Abin da littafi ba ya iya koyarwa sosai shi ne zaman da ke biyo baya. 'Ya'ya sun taru, babba yana cewa a mayar da baba asibiti a sa masa na'ura, ƙarama tana kuka tana cewa a bar shi ya huta, uwa ta yi shiru don ta san abin da mijinta ya faɗa mata da dare. Ma'aikacin da ya iya aikinsa ba ya shiga da lacca. Yakan jawo kujera ya zauna, ya tambayi dattijon me ya fahimta game da ciwonsa, me yake tsoro, me yake so ya gani kafin lokaci ya yi. Sai ya yi shiru ya jira amsa, ko da za ta ɗauki minti biyar. A wannan zaman ake rubuta wasiyyar jinya: wa zai yi magana a madadinsa in baki ya rufe, kuma in zuciya ta tsaya a danna ƙirji ko a ƙyale. Har hukumar inshorar tsofaffi ta Medicare sai da ta yarda cewa wannan hira aiki ce, ta fara biyan kuɗinta a 2016. Ni a ganina a nan horon mataimakin likita ya fi yin rana. An koya masa komai da komai, daga yara zuwa tiyata zuwa taɓin hankali, an kuma koya masa tun ranar farko cewa ba shi kaɗai ne mai magana a ɗaki ba. Mai ciwon ajali kuwa ba gaɓa ɗaya ke damunsa ba.

Sai dai doka ta daɗe tana tare masa ƙofa. A 1982 majalisar dokokin Amurka ta sa hosfis cikin abin da Medicare ke biya, da sharaɗin likita ya sa hannu cewa in cutar ta bi hanyarta, abin da ya rage wa mutum bai wuce wata shida ba. Ƙiyasi ne kawai, ba sanin gaibu ba. Tsohon shugaban ƙasa Jimmy Carter ya shiga hosfis a Fabrairun 2023, bai rasu ba sai 29 ga Disamba 2024, yana da shekara 100. Dokar ta kuma ba maras lafiya damar zaɓar wanda zai zama mai kula da shi na musamman, amma a farko likita kaɗai ake iya zaɓa. A 2003 aka buɗe wa manyan nas-nas masu lasisin duba marasa lafiya. Mataimakan likita kuwa sai da dokar kasafi ta 2018 ta zo, ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2019.

A duba abin da wannan jinkiri yake nufi a aikace. Tsohuwa ta yi shekara goma sha biyar tana zuwa wurin mataimakin likita ɗaya a asibitin ƙauyensu. Ya san hawan jininta, ya san sunayen jikokinta, ya san ba ta son allura. Ranar da ta shiga hosfis, ranar da ta fi bukatar fuskar da ta sani, a ranar doka ke cewa ya koma gefe baƙo ya karɓa. An gyara wannan, amma gyaran rabi ne. Har yanzu mataimakin likita ba ya sa hannu a takardar shaidar wata shida. Wannan na likita ne kaɗai. Ba ya kuma iya yin ganawar ido da ido da ake bukata kafin a sabunta wa maras lafiya zangon jinya na uku, wato bayan zango biyu masu kwana 90 kowanne, alhali babbar nas tana iya yi.

Ba zan ce taka-tsantsan ɗin gwamnati ba shi da dalili ba. Medicare kuɗin kwana take biya a kan kowane maras lafiya, don haka sa hannun nan kuɗi ne, kuma an sha kama kamfanonin bogi suna rubuta mutanen da ba su kusa mutuwa ba, musamman a Kalifoniya. Amma wannan hujja ce ta sa ido a kan kamfanoni. Ba ta bayyana dalilin da zai sa a yarda da nas a hana mataimakin likita, alhali a ofishin likita ɗaya aiki iri ɗaya suke yi. Wanda ke cutuwa shi ne mutumin karkara, inda likita ɗaya ke yawo a gundumomi da dama. Ga shi kuma dama ana makara: wajen rabin tsofaffin da ke rasuwa a ƙarƙashin Medicare suna cikin hosfis, amma rabin masu shiga ba sa wuce mako uku.

A irin wannan fili shugabanci yakan zo ta wata fuska dabam. Kujerar daraktan lafiya na hosfis doka ta keɓe wa likita, ba gardama. Ayarin da doka ta wajabta shi ma ya ƙunshi likita, nas, jami'in jin daɗin jama'a da mai ba da shawara ta fuskar addini, ba a ambaci mataimakin likita ba. Kamfani kuwa ba ya ɗokin ɗaukar wanda ba zai iya sa hannu ba. Shi ya sa masu wannan fanni ba su kai ɗaya cikin ɗari na mataimakan likita ba, kuma yawancinsu a ayarin jinyar sassauci na asibitoci suke, inda shingen bai kai haka tsawo ba. A can suke jagorantar zaman iyalai, suke koya wa sababbin likitoci yadda ake faɗin mummunan labari ba tare da an fasa zuciya ba, suke tsara ka'idar ba da maganin raɗaɗi ta asibiti. Sun kafa ƙungiyarsu ta masu wannan fanni, hukumar jarrabawarsu ta ƙasa ta fito da takardar ƙwarewa ta musamman a kansa, kuma dokar 2018 ba daga sama ta faɗo ba: shekaru suka yi suna sintiri a ofisoshin 'yan majalisa.

Aikin yana cin mutum, kada a ɓoye. Wanda duk marasa lafiyarsa rasuwa suke yi, in bai da abokan aikin da zai sauke nauyi a wurinsu, ba zai jima ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle makara.

Wani zai ce mene ne namu a rigimar Amurkawa. Akwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ke bukatar jinyar sassauci duk shekara, kuma kashi 14 cikin ɗari kacal ke samu. Mafi yawan waɗanda ba sa samu a ƙasashe irin namu suke. Mun san maganar nan ta ranar sallama: "Ku koma da shi gida, a ci gaba da addu'a." Komawa gida ba laifi ba ce, mu ma mun fi son mu cika a ɗakinmu ana laƙƙana mana kalmar shahada. Laifin shi ne a sallami mutum ba tare da abin da zai kashe masa zafi ba, a bar mata da 'ya'ya suna kwana zaune suna jin nishinsa. Irin wannan ma'aikaci na tsaka-tsaki kuwa ba baƙo ba ne a Afirka; Gana tana da mataimakan likita da suke riƙe da asibitocin karkara shekaru da dama, Nijeriya tana da jami'an lafiyar al'umma.

A wannan gaɓar ma Afirka ce ta riga Amurka. Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Nijeriya, ta kafa hosfis a Kampala a 1993, da morfin na ruwa mai araha da ake haɗawa a cikin ƙasa. Da aka ga likitoci ba za su taɓa isa ƙauyuka ba, sai gwamnatin Yuganda ta sauya doka a 2004, ta ba nas-nas da jami'an asibiti da suka samu horo na musamman izinin rubuta morfin da kansu. Shekara goma sha biyar ke nan kafin Amurka ta yarda mataimakin likita ya ci gaba da riƙe maras lafiyarsa a hosfis.